Jinyar Yaya Seini a Buokrom

Talata, 10 ga Satumba, 2024

Ina jera mayafai a shago, kasuwar Adum ta cika ta batse kamar kullum, sai wata doguwar mata mai furfura ta tsaya a kaina. Wai ni ce Latifatu, ƙanwar Seini? Na ce ni ce. Ta ce sunanta Maame Yaa, daga cocin Lutheran na Buokrom take. Hausarta irin ta kasuwa, ba mace ba namiji: "Kai zo, ɗan'uwanka ya faɗi."

Jiya da safe ne, a bakin get ɗin makarantarsu inda yake gadi, igiyar ƙararrawa na hannunsa. Ɓarin dama ya shanye.

Na bar wa maƙwabciyata Rahama shagon. A cikin trotro, motar haya, ina ta neman fuskar Yaya a raina, ta ƙi zuwa. Abin da ya zo kawai, tsayuwarsa ranar jana'izar mahaifiyarmu Mma, can tsallaken kwata, hula a hannu, ba wanda ya ce masa shigo.

Tun da ya auri Komfot ya bi ta coci gidanmu ya rufe masa ƙofa. Lokacin ko aure ban yi ba. Komfot ta rasu, ba su haihu ba. Shi bai dawo ba, mu ba mu kira ba.

Na tambayi Maame Yaa yadda aka yi ta san shagona. Wai ya sha nuna musu daga nesa in sun zo sayen littattafan yara: waccan mai jar laima, ƙanwata ce. Bai taɓa ƙarasowa ba.

Juma'a, 13 ga Satumba

Asibiti. Ya rame, kansa ya yi fari fat, mahaifinmu Baaba sak. Ya gane ni, don idonsa ya ciko. Amma magana babu. Kalma ɗaya ta rage masa, "yoo", wato "to" ɗin Asantawa. Yunwa kake ji? Yoo. Ciwo? Yoo. Duk Hausar da Mma ta ɗura masa ta tafi ta bar shi da wannan.

Mutanen cocin ba sa barin gefen gadon. Wannan ta tashi, wancan ya zauna. Suna gaishe ni da ladabi, suna matso mini kujera kamar baƙuwa. To ai baƙuwar ce.

Alhamis, 19 ga Satumba

An sallame mu. Ɗakinsa na bayan azuzuwa, cikin makarantar. Fastonsu, Osofo Laari, gajeren mutum ɗan arewa, shi ya goyo shi daga tasi har gado, yana haki yana dariya. Hausarsa tsaf, wai a Bawku ya tashi.

Ɗakin ba komai sai gado, rediyo, hoton Komfot da bokitin ban ruwa. Amma ka leƙa taga! Lambu ne kore shar, kontomire, wato ganyen gwaza, da gauta da barkono da ayaba, har da rama. Yaya ne ya tayar da shi daga juji. Duk abin da ya fito kicin ɗin makaranta yake tafiya, a dafa wa yara da rana.

La'asar ta yi, ina waige-waige. Osofo ya gane. Ya nuna mini gabas da hannu, ya fita, ya dawo da tabarma sabuwa ko ledarta ba a cire ba. "Anti Lati, tun jiya matanmu suka sayo." Na ce na gode.

Na gaya wa babban wanmu Alhaji Garuba a waya cewa zan kwana biyu a nan. Ya ce to. Sannan ya ce, "Yana cin abinci?"

Asabar, 21 ga Satumba

Ruwa tun safe. Yaya na kallon taga, ni ina kallon Yaya.

Lahadi, 22 ga Satumba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Cocin na tsallaken filin wasa, tagoginsa a buɗe. Ina durƙushe ina wanke wa Yaya ƙafa suka ɗauki wata waƙa da Twi, yaren Asantawa, a hankali, kamar ba sa so ta ƙare. Sai na ji murya a saman kaina. Na ɗaga ido. Yaya ne. Idonsa a rufe, karkataccen bakin nan yana fitar da kalmomi ɗaya bayan ɗaya, ba gargada. Muryar da na sani tun ina ƙarama, mai ɗan kauri a ƙasa. Na tsaya da soso a hannu har ruwan ya huce.

Da suka gama na ce, "Yaya, ce Lati." Ya dube ni, ya yi ta kokawa da leɓensa.

"Yoo."

Na fita bayan ɗaki wajen ayaba na yi kukana. Waƙarsu ta samu hanya, sunana bai samu ba. Allah ka yafe mini, kishi na ji. Kishin waƙa, ni da furfurata.

Laraba, 25 ga Satumba

Laraba ranar matan coci ce. Da hantsi suka iso da itace da tukwane, su ke yi wa yara girkin ranar, kowace da abin da ta samu a gida: wannan manja, wannan kifi, wata tsohuwa albasa ce kawai a bakin zane. Ba wadda aka duba abin hannunta.

Maame Yaa ta kawo mana namu a sabuwar tukunya. Ta ga ina jujjuya cokali. "Kai ci. Nama na mahaucin Zongo, ni da kaina na je." Na ci. Barkonon ya yi yawa, amma na ci.

Ashe rabin yaran makarantar namu ne. 'Yan mata da ƙananan hijabai a kan shuɗin yunifom, Salwa, Rafia, sunayen layinmu. In an tashi tara sai su yi cincirindo a taga, "Baaba Seini, ina kwana, yaya jiki?" Ya ɗaga hannun hagu. Su watse da gudu.

Bayan azahar wurin kan yi wani irin lumshewa. Muryoyin yara daga aji su tashi su sauka kamar tattabaru, inuwar mangwaro ta rarrafo har bakin ƙofa, ƙamshin ƙasa mai danshi. Gyangyaɗi ya ɗauke ni a zaune. Na ga Mma a cikin lambun, tsakanin gauta, tana ɓarar gyaɗa a faifai. Ba fushi a fuskarta ko kaɗan. Ta ce, "Kin juya shi? Kada gefen nan ya yi masa tsami." Na farka na juya shi.

Asabar, 28 ga Satumba

Aikin gayya. Maza sun yi sharar fili, sun gyara kwanon da ke yoyo a ajin ƙanana, matasa sun cire ciyawa a lambun Yaya yana kallonsu ta taga, ransa a ɓace, don ɗaya ya tuge rama yana zaton ciyawa ce.

Abin mamaki, Abukari kafinta na unguwar Anloga, wanda muke sallar idi fili ɗaya, shi ma ya zo da katako a kai. 'Ya'yansa a nan suke karatu. Ya kafa wa Yaya abin dafawa daga bakin ɗaki, ya bi bango da shi har get. Na ce wa zai yi tafiyar nan? Ya ce, "Hajiya, katako ba ya gaggawa. Zai jira shi."

Laraba, 2 ga Oktoba

Na ba Maame Yaa labarin waƙar, ban ce na yi kuka ba. Wai innarta ma haka ta yi, magana ta ɗauke amma waƙa ta zauna. "Kai yi masa magana da waƙa." Na ce ban iya waƙarku ba. Ta yi dariya har da tafa cinya. "Wa ya ce namu?"

Da matan coci suka tafi na zauna ina tunanin wace waƙa muka haɗa ni da shi. Sai ta faɗo mini: tallar kokon Mma. Shi ke ɗaukar tukunya a kai, ni ina gaba ina rera kiran masu saye, daga layinmu har tashar mota. Na duba ba kowa a taga. Na ja muryar tallar, ina jin kunyar kaina: "Yaya Seiniii, za ka sha ruwaaa?"

Ya zuba mini ido. Can sai leɓen ya motsa, a kan muryar nan dai: "A'aaa, kokooo."

Na yi dariya har na zame daga kujera. Shi ma kafaɗarsa na rawa. Na sake ja: "Wa zai damaaa?"

"Latiii."

To. Na dama. Ya yi gudaji.

Juma'a, 4 ga Oktoba

Duk yini muna talla ni da Yaya. Wanda ya wuce bayan ɗakin zai ce mahaukata ne.

Talata, 8 ga Oktoba

Alhaji Garuba ya zo. Ban taɓa zaton ƙafarsa za ta taka wurin nan ba. Ya tsaya a bakin ƙofa da babbar rigarsa, ya cika ɗakin da turare. Ya daɗe yana kallo kafin ya ce, "Seini, ka tsufa." Ya zauna a bakin gado. Yaya ya kama hannunsa da na hagu ya ƙi saki. Na ga Alhaji na share ido da gefen hula, na yi kamar ina neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Ya ce an share ɗakin Mma, an yi fenti. Jini ba ya ruɓa. A dawo da shi gida cikin 'yan'uwa, abin da ya wuce ya wuce. Zuciyata ta yi fari, wallahi. Sai ya ƙara, murya ƙasa-ƙasa: "Sai dai gidan Baaba ba a yin waƙar coci a ciki. Mutanen nan sun yi ƙoƙari, Allah ya saka musu, amma su yi haƙuri daga nan."

Ya juya ga Yaya. "Ka ji? Za mu tafi gida."

Yaya ya yi ta fama. Na so in ja masa muryar talla, kunyar Alhaji ta hana ni. Shi da kansa ya nemo ta: "Baaan ruwaaa."

Alhaji ya zabura ya miƙa masa kofi. Yaya bai karɓa ba. Ya juya fuska ga taga. Kwana biyu ba a yi ruwan sama ba, ganyen gauta duk ya langaɓe.

Na gane. Ina jin Alhaji ma ya gane, don ya ajiye kofin a hankali ya ce in yi shawara in same shi a gida.

Da ya tafi na ɗauki bokitin. Ban iya ba, na jiƙa zanena sharkaf.

Alhamis, 10 ga Oktoba

In na kai shi gida zai samu 'yan'uwa ya rasa murya. In na bar shi a nan fa?

Ruwa ya dawo da yamma, mai laushi, rana na haskawa a cikinsa. Filin wasan ya zama kamar madubi, cocin a kife a ciki, yara na tsallake rufinsa da takalma a hannu. Na daɗe a tsaye. Na ma manta da tunanin da nake yi.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Bayan sun tashi ibada suka zauna taro a gindin mangwaro. Ina bakin ƙofa ina tsince shinkafa, kunnena na can. Zancen ɗakin Yaya ne.

Wani dattijo, Papa Konlan, ya ce ɓarayi sun kwance kan famfo a makaranta tun da ba mai gadi. Dole a ɗauki sabo, sabon kuma ɗakin nan zai zauna. Danginsa sun zo, su tafi da shi, ba ƙiyayya ba ce. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi.

Aka yi ta ja. Ba duka na ji ba, Twi ɗinsu na gudu in ransu ya tashi. Na dai ji Maame Yaa ta ce mutumin da ya ciyar da 'ya'yansu daga juji ba tsohuwar kujera ba ne da za a fitar waje. Osofo bai goyi bayan kowa ba. Ya ce gadi ake nema ko ɗaki? In gadi ne, wa zai ba da dare ɗaya a mako har a gina wani ɗakin? Sai wani malamin lissafi ya miƙe. Sai wani direba. Can Papa Konlan ya miƙe yana gunaguni, wai a ba shi Litinin, kuma a sani shi ba zai yi ban ruwa ba. Aka fashe da dariya.

Sai suka kira ni. Na je da faifai a hannu. Osofo ya ce, "Anti Lati, mun riƙe ɗakin. Jinyar rana tamu ce, za mu yi ta karɓa-karɓa. Amma da dare akwai abin da ɗan'uwa kaɗai ke yi wa mutum."

Na ce zan yi shawara. Kowa shawara yake so in yi.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Na je gida. Alhaji na zaure da carbinsa. Na durƙusa na ce Yaya Seini zai zauna inda yake, ni kuma zan riƙa kwana wajensa, da safe in tafi shago.

"Mutum ɗaya muka rasa a can. Yanzu biyu?"

Na ce, "Yaya, sallata na nan, azumina na nan."

Ya ja carbi ya ja. "Shi ma haka ya ce da farko."

Na yi masa sallama bai amsa ba. Matan gida suka bi ni da ido har ƙofa, ba wadda ta ce a gaida mai jiki. A trotro na rufe fuska da mayafi kamar mai barci.

Talata, 22 ga Oktoba

Ya taka! Daga gado zuwa bakin ƙofa, ya dafa katakon Abukari ya tsaya yana shaƙar iska kamar wanda ya dawo daga tafiya.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Bikin godiyar girbinsu. Tun da sassafe ake shigowa da kaya: doya, ayaba, kaji a kwando, sabulu, buhun gawayi, wani ma akuya ya jawo aka ɗaure ta a mangwaro tana ta kuka a kan waƙarsu. Yara cikin fararen kaya da tire a kai. Wai duk za a raba, kashi na kicin ɗin makaranta, kashi na gwauraye da marasa lafiya, nasu da wanda ba nasu ba.

Yaya ya tashe ni da "gautaaa". Na tsinko masa kwando guda, da barkono da kontomire. Maza suka ɗauke shi a kujera. Ni na bi su da kwandon har bakin ƙofar cocin, na miƙa wa Maame Yaa, na dawo. Ban shiga ba, ba su ce in shiga ba.

A ƙasan kwandon na sa mayafai kaɗan daga shago. Waɗanda suka daɗe ba a saya ba ne. To, ɗaya dai sabo ne.

Daga ɗaki ina jiyo muryarsa a cikin nasu. Wannan karon ban fita wajen ayaba ba. Na yi shara, na shanya katifa.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Bayan an sauko daga masallaci wata yarinya ta zo da gudu, wai wani Alhaji na bakin get ya ƙi shigowa. Na leƙa. Alhaji Garuba ne, zaune a kan bencin gadin Yaya, ya juya wa makaranta baya yana kallon titi.

Na gaya wa Yaya. Ya nuna sandarsa. Na ce da nisa fa. Ya harare ni irin hararar da yake mini muna yara.

Mun daɗe a hanyar nan. Hannunsa a katako, ƙafar dama na jan ƙasa, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Maame Yaa na bakin kicin, ta sa hannu a baki, ba ta matso ba. Alhaji bai waiwayo ba, amma na ga carbin ya tsaya a hannunsa.

Da muka isa ya matsa gefe. Yaya ya zauna. Alhaji ya ciro goro daga aljihu, ya ɓare, ya sa rabi a tafin Yaya na hagu. Suka yi ta kallon motoci. Ba wanda ya ce komai, ɗaya ba ya iyawa, ɗaya ba ya so.

Aka tashi yara. Suna fita suna rusunawa, "Baaba Seini, sannu. Alhaji, ina wuni." Duk su biyun suka riƙa ɗaga hannu.

Da zai tafi bai dube ni ba. Ya girgiza bencin da hannu ya ce, "Ki gaya wa Abukari ƙafar nan na rawa. Kada in zo Juma'a ta kayar da ni."

Talata, 5 ga Nuwamba

Na sa an kawo mini turmina daga gida, da akwatin kayana. Ba wani abu ba ne, turmin kicin ɗin nan ya tsage, barkono na tsalle ya shiga wa mutum ido, gobe kuma Laraba.

'Yata Farhana ta kira daga Accra, wai yaushe zan koma gida? Na ce sai an ga yadda jiki ya yi. Ta ce jikin wa, Mma, naki ko nasa? Na ce layin ba kyau, ba na jin ta sosai.